Tsibiran Wata: Kifin da Aka Ce Ya Ƙare, da Mutanen da Suka San Yana Nan

 

'Yan'uwa masu karatu, waɗanda ke bin labarin ƙwallon ƙafa daga cikinku ba za su manta da daren 18 ga Janairu na shekarar 2022 ba. A filin wasa na Rumde Ajiya da ke Garwa, a arewacin Kamaru, wata ƙasa da yawancinmu ba mu taɓa jin sunanta ba ta ci Gana 3 da 2, kuma da wannan ci ne Gana, mai kofin Afirka har huɗu, ta tattara kayanta ta koma gida. 'Yan'uwanmu na zangunan Kumasi da Akara su yi mini afuwa da na sosa musu wannan tsohon miki. Ƙasar ita ce Komoro. Abin da ya fi ɗaure mini kai a daren nan shi ne laƙabin 'yan wasanta. Kamaru tana da zakuna, Nijeriya gaggafa, Kwaddibuwa giwaye, Nijar kuwa mena. Su mutanen Komoro sai suka zaɓi kifi, wanda da Faransanci ake kira cœlacanthe, su kuma a harshensu suke ce masa gombesa. Neman dalilin wannan zaɓi ne ya kai ni ga abin da zan ba ku labari a wannan fitowa.

Ina ne Komoro?

Tsibirai ne guda huɗu a tekun Indiya, tsakanin arewacin Madagaska da gaɓar Mozambik: Ngazija, wanda shi ne babba kuma a cikinsa babban birni Moroni yake, sai Nzuwani, da Mwali, da Mawore. Faransawa suna kiransu Grande Comore, Anjouan, Mohéli da Mayotte. Matuƙan jiragen ruwa na Larabawa sun daɗe suna ce musu Juzurul Ƙamar, wato tsibiran wata. A tutar ƙasar akwai jinjirin wata da taurari huɗu, kowane tsibiri da tauraronsa, amma uku kaɗai gwamnatin Moroni take mulka. A ƙuri'ar raba gardama ta Disamban 1974 mutanen Mawore sun zaɓi su zauna da Faransa, sauran suka ayyana 'yancin kai ranar 6 ga Yuli 1975, kuma a 2011 Mawore ta zama cikakkiyar gundumar Faransa. Tsibirai ukun nan faɗinsu duka bai wuce murabba'in kilomita 1,900 ba, jama'arsu kuma ba ta kai miliyan ɗaya ba.

Kusan dukkansu Musulmi ne, Ahlus Sunna, mabiya mazhabar Imamu Shafi'i. Harshensu, Shikomori, ɗan'uwan Suwahili ne, kuma kafin zuwan boko da haruffan Larabci suke rubuta shi, kamar yadda kakanninmu suka rubuta Hausa da Fulatanci da ajami. Yaro yana fara karatu a makarantar Alƙur'ani da suke kira shioni, gaban malamin da suke kira fundi, kafin ya taka lakwal. Ruwayar da suka gada daga kakanni tana cewa wani mutumin garin Ntsaweni mai suna Mtswa Mwindza ya ji labarin bayyanar Annabi (SAW), ya shiga jirgi zuwa Hijaz, ya iske Manzon Allah ya riga ya yi wafati, ya zauna ya yi karatu, sa'an nan ya komo da addini. Masu binciken tarihi ba su tabbatar da wannan ruwaya ba, amma tone-tonen da suka yi sun nuna masallatai a tsibiran tun ɗaruruwan shekaru kafin Bature ya san hanyar wurin. Tsohon masallacin Juma'a na Moroni, fari fat a bakin tashar jiragen ruwa, ana danganta gininsa ga shekarar 1427. A Tsingoni ta Mawore akwai mihrabi mai ɗauke da tarihin 1538. Ƙasar ta kuma fitar da malamai da sunansu ya ƙetare teku, irin su Shehu Ahmad bin Sumait, haifaffen Itsandra, wanda ya yi alƙalanci a Zanzibar ya rasu a 1925, da Sayyid Muhammad al-Ma'aruf, wanda ya yaɗa ɗariƙar Shaziliyya ya rasu a 1904, kabarinsa yana Moroni.

Labarin gombesa

Masanan Turai sun san wannan kifi ne daga sauran jikinsa da suka riƙa samu a cikin duwatsu, kuma a lissafinsu ya shuɗe daga doron duniya tun shekara miliyan 66 da suka wuce. Haka aka rubuta a littattafai, haka aka koyar a jami'o'i. Sai a Disamban 1938 wani jirgin kamun kifi ya jawo wani baƙon kifi shuɗi mai ɗigo-ɗigon fari kusa da garin East London a Afirka ta Kudu. Wata budurwa mai kula da gidan adana kayan tarihi na garin, Marjorie Courtenay-Latimer, ta gan shi ta tabbata ba irin wanda ta sani ba ne, ta zana shi ta aika wa wani malamin jami'a mai suna J.L.B. Smith. Kafin malamin ya iso kayan cikin kifin sun ruɓe an zubar, fata da ƙashi kaɗai suka rage. Duk da haka ya gane abin da ke gabansa.

Shekara 14 Smith ya yi yana neman na biyu. Ya buga takardu da Ingilishi da Faransanci da harshen Fotugal, da hoton kifin da alkawarin ladan fam 100, aka rarraba su a gaɓar gabashin Afirka. A Disamban 1952 wani masunci mai suna Ahamadi Abdallah ya kama shi da fatsa daga cikin kwalekwalensa a kusa da Domoni, a tsibirin Nzuwani. Aka ɗauko kifin a ƙafa, aka ƙetare duwatsun tsibirin da shi zuwa wurin wani matuƙin jirgi, Eric Hunt, wanda shi ya kawo takardun. Smith ya roƙi firayim ministan Afirka ta Kudu na lokacin, Malan, aka ba shi jirgin saman soja ya je ya ɗauko shi. Jaridun duniya suka ɗauka da cewa an gano abin da ya ɓace.

To, a nan ne abin dariya yake, in har abin dariya ne. Masuntan Ngazija da Nzuwani sun san gombesa tun kaka da kakanni. Yakan faɗa wa fatsarsu jefi-jefi idan suka fita da dare neman wani kifi mai maiƙo a zurfin ruwa. Ba su ɗauke shi a bakin komai ba, domin namansa maiƙo ne zalla kuma yana ɓata ciki. Amfanin da aka sani suna yi da shi, ɓawon jikinsa mai kaushi da suke kankare robar tayar keke da shi kafin su yi faci. Abin da manyan malamai suka yi ittifaƙi a kan ƙarewarsa, ga shi a hannun mai facin keke. Ba na faɗin wannan don in raina ilimin bincike, domin masu binciken ne suka bayyana mana sauran abubuwan mamaki na wannan halitta. Amma shekarun nan 14 da sun ragu ƙwarai da a ce tun farko an zauna an tambayi masunta.

Ga kaɗan daga abin da aka gano bayan haka. Gombesa yana kai tsawon mita 2 da nauyin kilo 90. Da rana yana fakewa a kogunan dutse, a zurfin mita 150 zuwa 250, inda ruwa yake da sanyi da duhu, da dare ya fito farauta. A 1987 wani Bajamushe, Hans Fricke, ya sauka da ƙaramin jirgin ƙarƙashin teku ya ɗauki hotonsa da rai a mazauninsa, aka ga fukafukansa masu tsoka suna motsi bi da bi, na dama a gaba tare da na hagu a baya, kamar tafiyar dabba mai ƙafa huɗu. Ba ya zubar da ƙwai kamar sauran kifaye, haihuwa yake yi. Wani bincike da aka fitar a 2021, wanda aka yi ta hanyar ƙidaya zoben da ke jikin ɓawonsa, ya nuna yana iya rayuwa kusan shekara 100, kuma uwar tana ɗaukar ciki wajen shekara 5. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya halitta Ya kuma ɓoye. Halittar da haihuwarta ke da wannan jinkiri kuwa, kowace uwa ɗaya da ta mutu a fatsa babbar asara ce, shi ya sa aka hana cinikinsa a duniya, ake kuma koya wa masunta su mayar da shi ruwa. Yau hotonsa yana kan takardar kuɗin ƙasar ta faran 1,000.

Gidan mace, da auren da ke cin shekara ashirin

Mu fito daga ruwa mu hau tudu. Ngazija dutse ne mai aman wuta, sunansa Kartala, tsawonsa mita 2,361. A 1977 narkakken dutsen da ya amayo ya share wani yanki na ƙauyen Singani, a 2005 kuma ya yi aman toka har sau biyu. Ƙasar tsibirin tana shanye ruwan sama nan take, saboda haka babu kogi ko ɗaya mai gudana duk shekara, gidaje suna gina matarar ruwan sama ne, kuma tokar 2005 waɗannan matarai ta gurɓata. Tsofaffi suna ba da labari cewa wani aljani ne ya jefa zoben Annabi Sulaimana (AS) a wurin, wuta ta tashi. Tatsuniya ce, kuma su ma a matsayin tatsuniya suke faɗinta.

Abin da zai fi ba mai karatu Bahaushe mamaki shi ne tsarin gidajensu. A can uba ne yake gina wa 'yarsa gida, miji kuma shi ke tarewa. Idan aure ya mutu, namiji ne yake naɗe tabarmarsa ya fita, mace da 'ya'yanta suna nan a ɗakinsu. A Ngazija akwai kuma wasu filaye na zuriya da ake kira manyahuli, waɗanda ba a raba su, suna bin tsatson uwa daga mace zuwa 'ya'yanta mata. Yadda wannan zai zauna da rabon gado na shari'a magana ce da malamansu suka fi ni sanin bakinta, kuma na bar musu. Amma gidan da uba ya gina ya mallaka wa 'yarsa yana da rai kyauta ce, ba wanda ya ce haramun ce. Na tashi a zauren liman, na ga adadin matan da suke shigowa da goyo da ƙullin kaya bayan saki ɗaya, ba su san inda za su kwana ba. Duk lokacin da na tuna su sai in ga wannan al'ada ta Komoro ta cancanci iyaye maza su yi tunani a kanta.

Sai kuma anda, wanda Faransawa ke kira grand mariage, babban aure. Namiji yakan yi ƙaramin aure da farko, na shari'a, ya haifi 'ya'yansa. Amma a idon gari bai cika mutum ba sai ranar da ya yi anda, ko da ya kai shekara hamsin. Biki ne da ke wuce mako guda: majalisin karatu da addu'a, jerin gwanon maza cikin manyan riguna da huluna masu aikin allura irin namu, daren kiɗan twarab, taron mata, yankan shanu, ciyar da gari kakaf, da zinariyar da ango zai kai wa amarya. Wanda ya yi shi ya zama mdru mdzima, wato cikakken mutum. Shi ke da ikon rataya wani mayafi na musamman a kafaɗa, ya yi magana a dandalin gari, ya zauna a sahun gaba a masallaci. Mutum yakan yi shekara ashirin yana tara kuɗin, kuma akasari a Faransa ake tara su, musamman a birnin Marsay inda 'yan Komoro suke da yawa ƙwarai. A watannin Yuli da Agusta suke komowa a yi ta bukukuwa.

Masu kare anda suna da hujja. Kuɗin ba cikin ciki kaɗai suke tafiya ba, ana ware wani kaso ga gari, kuma da irinsa aka gina masallatai da makarantu da hanyoyi a ƙauyukan da hukuma ba ta kai ba. Bashi ne kuma da ke zagayawa: wanda ya ci na wani dole wata rana a ci nasa. Masu suka su ma ba yau suka fara ba. Shugaba Ali Swalihi, wanda aka kashe a 1978, ya yi ƙoƙarin hana shi da ƙarfin mulki, anda ya binne shi ya ci gaba. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne batun sahu. Sahun farko na wanda ya riga zuwa ne, kuma ban san wata mazhaba da ta sayar da shi da shanu ba. Sai dai kafin mu nuna su da yatsa, kowa ya tuna nawa aka kashe a lefe da kayan ɗaki a auren ƙarshe da aka yi a gidansu, da kuma wanda har yanzu yake biyan bashin.

Turare, itace da jemage

A Nzuwani labarin ya fi nauyi. Tsibiri ne mai tsaunuka, kuma mutum fiye da 700 ne ke zaune a kowace murabba'in kilomita. A zamanin mulkin mallaka kamfanonin Faransa, babbansu na Bambao, sun riƙe filaye masu kyau na gangare, talakawa suka hau tsaunuka suna sheme daji don su shuka ayaba da rogo. Abin da ake sayarwa waje kuwa kanumfari ne, da banila, da man wani fure rawaya mai suna ilan-ilan, wanda Komoro ke kan gaba a duniya wajen fitar da shi, kuma yana cikin turaruka masu tsada irin su Chanel N°5. Mata ne ke tsinko furen da sassafe. Ana zuba shi a babbar tukunya a hura wuta kusan yini da kwana, kuma sai an dafa kilo 40 zuwa 50 na fure kafin a sami lita ɗaya ta mai. Wutar nan da itace ake hura ta, itacen kuma daga dajin kan tsauni yake fitowa.

Mu mutanen Sahel ba sai an yi mana dogon bayani a kan abin da ke biyo bayan saran itace ba. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce Nzuwani tana da ƙoramu fiye da 40 masu gudana rani da damina. Waɗanda suka rage a haka ba su wuce goma ba. Ƙasa tana zaizayewa ta gangara teku ta rufe wuraren da kifi ke haihuwa. Matashin da gona ba ta ci da shi ba, teku ma ba ta ci da shi ba, sai ya shiga ƙaramin jirgin da suke kira kwasa-kwasa ya nufi Mawore, tafiyar kilomita 70. Tun da Faransa ta ɗora biza a 1995, wannan ɗan tsakani ya zama maƙabarta. Wani rahoton majalisar dattawan Faransa na 2012 ya ƙiyasta waɗanda suka nitse tsakanin mutum 7,000 zuwa 10,000. Allah Ya jiƙansu. Mun san irin wannan labari a hanyar Agadas.

A ragowar dajin nan ne wani jemage yake zaune wanda babu irinsa a ko'ina a duniya sai Nzuwani da Mwali. Turawa sun sa masa sunan matafiyin nan Livingstone. Baƙi ne, mai zagayayyun kunnuwa da jajayen idanu, kuma idan ya buɗe fukafukai suna kai mita 1.4. Ba ya jiran dare kamar jemagunmu na bishiyar mangwaro, da rana tsaka ana ganinsa yana shawagi a kan kwari kamar shirwa. 'Ya'yan itace yake ci, yana yaɗa irinsu a inda ya yi kashi, wato shi ma manomin daji ne. Ƙidayar da aka yi ta nuna ba su fi dubu da 'yan ɗaruruwa ba, a wurare kusan ashirin, uwa kuma ɗa ɗaya take haifa a shekara. A 2016 aka sa shi a jerin halittun da suke gab da ƙarewa. A 1992 aka fara kiwon wasu a gidan namun daji na tsibirin Jersey don gudun kada a wayi gari babu ko ɗaya. Wata ƙungiya ta 'yan ƙasar mai suna Dahari, wadda aka kafa a 2013, ta bi wata hanya da na ga hikima a cikinta: maimakon ta ce wa manomi kada ya sari bishiya ta tafi ta bar shi da yunwa, sai ta ƙulla yarjejeniya da masu gonakin da jemagun ke kwana a ciki, ta taimake su da iri da dabarun noma a gonakinsu na ƙasa, su kuma su bar manyan itatuwan a tsaye. A wannan daji kuma akwai wata ƙaramar mujiya da aka ɗauka ta ƙare sama da shekara ɗari, sai a 1992 aka sake jin kukanta. Mu da muke jifan mujiya muna cewa mugun tsuntsu ce, alhali addini ya hana camfi, ga wasu can suna murnar dawowarta.

Ƙauyen kunkuru

Mwali shi ne mafi ƙanƙanta da ƙarancin jama'a. A 2001 aka kafa wurin kare halittun teku a kudancinsa, mai faɗin murabba'in kilomita 404, kuma ƙauyuka goma na bakin ruwa suna cikin masu tafiyar da shi. A 2020 hukumar UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren da take karramawa saboda halittunsu. Daga Yuli zuwa Oktoba manyan kifayen nan masu shayarwa suna zuwa haihuwa a wurin, akwai kuma 'yan ƙalilan na wata dabba 'yar'uwar ayun da muka sani a Binuwai da Kwara.

A kudu maso gabashin tsibirin akwai ƙauyen Itsamiya, inda kunkurun teku ke fitowa yin ƙwai kowane dare, duk shekara. Uwar takan wuce kilo 100. Tana jan jiki a kan yashi, ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai sama da ɗari, ta rufe ta koma ruwa. Bayan wata biyu 'ya'yan su fito su ruga teku. Zafin yashi ne ke sa su zama maza ko mata, in ya yi yawa mata su rinjaya. Wadda ta tsira daga tsuntsaye da kaguwa da kifaye, bayan shekara ashirin ko talatin za ta komo yin ƙwai a yankin da aka ƙyanƙyashe ta.

A nan akwai wata mas'ala da ɗaliban fiƙihu za su ji daɗinta. A mazhabarmu ta Malikiyya dabbar ruwa halal ce ko da tana daɗewa a tudu. A wurin mafi yawan malaman Shafi'iyya kuwa, abin da ke rayuwa a ruwa da tudu duka biyu, kamar kwaɗo da kunkuru, ba a cinsa. Mutanen Itsamiya a kan wannan suka tashi, kuma ya taimaka wajen barin kunkurun. Sai dai talauci ba ya tambayar mazhaba. Mafarauta suna zuwa da jirgi cikin dare, su kifar da uwar a bayanta tun ba ta gama ƙwai ba, su yanka su kai naman kasuwa, domin ya fi na saniya araha. Samarin ƙauyen ne suka kafa ƙungiya suka fara gadin gaɓar da kansu. Sun gina 'yan ɗakunan saukar baƙi, masu zuwa kallo suna biya, kuɗin yana shiga asusun gari. An hana haska fitila a idon uwa mai haƙa, an hana kusantarta sai ta fara zuba ƙwai. Kowace shekara ranar 28 ga Mayu suna bikin ranar kunkuru, 'yan makaranta su zo daga sauran ƙauyuka. Kowace safiya kuma, bayan sallar Asuba, masu gadi suna bin gaɓar da littafi da alƙalami, suna ƙidaya sawun da aka bari a kan yashi kafin ruwa ya taso ya shafe shi.